Haɓon Mai Algaita

Talata, da hantsi

Rubina ta ɗakin shan magani ce ta ce in riƙa rubutawa: ranar da haɓon ya zo, ta wace ƙofar hanci, ya daɗe ko bai daɗe ba. To ga shi na fara. Jiya ya zo, ta hagu, ya daɗe. Iyakar abin da ta nema ke nan, amma tunda tsohon littafin makarantar 'yarmu Mahtab ne kuma rabinsa fari fat, ban ga abin da zai hana ni ƙarawa ba. Ba mai karantawa. Mijina bai iya karatu ba, shi kunne Allah ya ba shi. Duk kwarin nan Ustad Mirbaz mai algaita suke ce masa, ni dai Baban Dildar na sani, mutumin da bai san inda safarsa take ba sai na nuna masa.

Haɓo ba baƙo ba ne a gidan nan. Duk shekara in sanyi ya kama, aka toshe tagogi aka hura murhun ƙarfe, iskar ɗaki ta bushe ƙayau, sai in ga ɗigon jini a kan matashinsa. Mu a nan wa ya ɗauki haɓo ciwo? Yara suna yi, manya suna yi, a ɗaga kai sama a ɗora ƙanƙara a ƙeya a ci gaba da harka. Tsofaffi ma cewa suke mugun jini ne yake fita don kai ya yi sauƙi. Amma na bana daban ne. Na bana ba ɗiga yake ba, zuba yake.

Bikin Mahtab, autarmu, yana ƙarshen watan nan, lokacin da kowa yake aurarwa, bayan an gama da gona an shigar da dabbobi.

Laraba, da la'asar

Yau bai zo ba. Ya ce, "Kin gani? Littafin naki ya tsorata shi."

Juma'a, bayan azahar

Hunar Beg mai ganga ya zo, abokin aikinsa tun suna samari. Tun daga ƙofa yake ihu, "Yaya, ina majinyacin? An ce hancinsa ya koma famfo!" Baban Dildar ya ce, "Gara ni, kai bakinka ne ya ƙi rufuwa tun ran suna." Suka hau kan rufi da kayansu, ni na zauna ƙasa ina fasa ƙwallon kubani, ɗan itacen nan namu mai zaƙi, don matse man biki.

Taken fitar amarya suka ɗauko. Wayyo Allah. A garinmu daga sa'ad da amarya ta tsallake dokin ƙofar ubanta har ta haye gada, algaita ba ta yin shiru. In ta yanke, an ce auren ya tsage tun daga ranar. Ni ban rantse a kan haka ba. Amma ga Zebo ta bakin rafi, wadda aka ɗauko wa wani mai busa daga ƙetare, tari ya sarƙe shi a tsakiyar hanya. Tana nan da jikoki cike da gida, amma har yau in ta ɗaga wa mijinta murya sai mata su kalli juna.

Shi bai taɓa yankewa ba, ko sau ɗaya. Zai cika kumatu kamar ya ɓoye tuffa biyu a ciki, kumatun suna tura iska cikin algaita, shi kuma yana shaƙar wata ta hanci, haka har gada. Iskar nan ta Disamba mai yanka kamar reza, ita yake ja ta hancin nan tun kafin a haifi Dildar. Sai yau na tsaya na yi tunanin haka.

A irin wannan fitar na fara ganinsa, bikin 'yar kawuna. Ina kan rufi cikin 'yan mata, shi yana gaba da gashin tsuntsu a hula, siriri kamar sanda, idonsa a rufe. Babana ya ce 'yarsa ba za ta auri mai busa ba ko maza sun ƙare. Allah ya jiƙan Baba, daga baya shi ne ba ya tashi rawa a biki sai surukin nasa ya busa masa takensa, kuma in ya tashi sai an riƙe shi.

Da suka sauko na lura yana ta haɗiye-haɗiye, kansa a ɗan karkace baya. Na ce lafiya? Ya ce ƙishirwa ce.

Asabar, da safe

Na je ba saniya ciyawa na ga abin a bayan garke, a kan dusar ƙanƙara. Amai ne, baƙi, da gudaje. Ya tura ƙanƙara da ƙafa ya rufe rabi ya bar rabi, don ko ɓoye abu bai iya ba.

Na yafa mayafi na tafi gidan Hunar Beg, na same shi yana gasa fatar ganga a bakin wuta. Na ce, "Hunar, kalle ni. Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me, Yaya?"

Na ce, "Kada ka mai da ni yarinya, na girme ka."

Sai ya ajiye gangar. Ya ce tun bukukuwan bara ne. In haɓon ya taso suna tsakiyar take, sai Ustad ya ɗaga kai, algaita ta kalli sama, jinin ya bi ta maƙogwaro ya haɗiye, busa ba ta yanke ba. Mutane sun ɗauka sabon salo ne, har tafi suke yi. Ya ce, "To me zai yi, Yaya? Ya tsaya a tsakiyar hanya da 'yar mutane?"

Na tuna ni ma na yi masa tafin nan. Na dawo gida raina a ɓace, na rasa da wa zan yi faɗa, sai na yi da saniya.

Litinin, bayan la'asar

Da ƙyar na kai shi wurin Rubina, sai da na ce in bai je ba zan kira Dildar a Karachi in faɗa masa komai. Mahtab ta biyo mu. Rubina shi ya busa wa uwarta fita, saboda haka kawu take ce masa, amma ba ta raga masa ba. Ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta nuna mini, fari kamar takarda. Ta haska maƙogwaronsa da tocila ta ce ga shi nan yana gangarowa ta baya ko a yanzu.

Ta ce, "Kawu, in ya zo me kake yi?"

Ya ce, "Abin da kakanki yake yi. In ɗaga kai."

Ta ce, "To kakana ya yi kuskure, Allah ya jiƙansa. Ɗaga kai ba ya tsayar da jini, hanya kawai yake sauya masa. Ya tafi ciki ya sa ka amai, ko ya sarƙe ka, kuma ba wanda zai san yawan da ka zubar."

Ta koya mana ni da Mahtab. A zaunar da shi, ya sunkuyo gaba, a matse hancin daga inda yake da taushi, ba kan ƙashi ba. Ya yi numfashi ta baki, abin da ya taru a bakin ya tofar. Minti goma a agogo ba a saki ba, ba a leƙawa a ga ko ya tsaya. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, a nemi mota. Mahtab ta gwada a kansa, ya yi magana kamar agwagwa, duk muka yi dariya har da shi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ta tambayi ƙwayoyin da yake sha, ya fito da asfirin ɗin da yake sha safe da yamma saboda gwiwa. Ta karɓe ta jefa a aljihunta, ta ce yana tsinka jini ya hana shi daskarewa. Ta ce shayi fa, da gishiri yake sha? Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce, "Da akwai wani shayin ne da ba gishiri?" Ta ce jijiyoyin hanci siraru ne, shekaru da busasshiyar iska sun sa suna tsagewa kamar faso, hawan jini kuma shi ke hana su rufuwa, nasa kuwa ya hau sosai. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, mu sauka babban asibitin birnin Gilgit.

Talata, da sassafe

Ya zo, ta hagu. Mahtab ta matse, ya tsaya. Ban yi kuka a gabansu ba.

Alhamis, da almuru

Mun dawo daga Gilgit, ƙashin bayana kamar ba nawa ba saboda hanya.

Likitan hanci dattijo ne mai sanƙo. Ya fesa masa maganin kashe zafi ya leƙa da 'yar fitila. Ya ce yawancin haɓo daga nan gaba yake fitowa, a jikin bangon da ya raba ƙofofin hanci, kuma ya ga wuri ɗaya da ya tsage a nan. Ya ɗosana masa wani tsinke mai magani ya ƙone jijiyar. Amma ya ce babban yana can ciki ta baya, irin na manya masu hawan jini. Ya cusa masa wani dogon abu kamar soso har sai da hawaye ya zubo masa. Rabona da ganin hawayen mutumin nan tun ranar da aka binne wansa Shukur.

Ya ce ba fyace majina, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba shan abu da zafinsa sosai, ga ƙwayar hawan jini kullum. Sai ya tambayi sana'arsa. Da aka faɗa masa ya ajiye biro. Ya ce busa kam a'a. Baban Dildar ya ce har yaushe? Likitan ya dube ni maimakon shi.

Sun ɗebi jini, sun ce mu dawo bayan biki mu ji sakamako. Akwai wani abu da likitan ya ce yana so ya tabbatar ba shi ba ne. Na ji sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Shukur wansa ne, shi ya koya masa busa. A fagen rawa ya faɗi da algaita a baki, ya daɗe a kwance ɓarin jikinsa ba ya motsi kafin Allah ya karɓi abinsa. A mota ba wanda ya ambaci sunansa, amma tare da shi muka dawo.

Asabar, da hantsi

Na ɗora tukunyar ruwa a kan murhu tana tururi wuni guda don iskar ɗaki ta yi laushi, kamar yadda aka ce. Ɗaya ƙofar hancin ina shafa masa basilin da ɗan yatsa, yana ture ni yana cewa shi ba jariri ba ne. Da soson nan a hanci numfashinsa duk ta baki yake, leɓɓansa sun tsattsage.

Na yi masa shayi ba gishiri. Ya kurɓa ya ajiye. Ya ce, "Uwar Dildar, wannan ruwan wanke tukunya ne ko na wanke hannu?" Na ce na wanke baki ne, ya shanye. Ni ma irinsa na sha don kada ya ce na fi shi. Gaskiya ba daɗi, amma ban nuna masa ba.

Da can a irin wannan mako gidan nan ba ya zaunuwa. Masu biki suna tsugune a ƙofa tun da safe, wannan da tsokar nama, wancan da kwanon busasshen kubani, kowa yana roƙon a sa ranarsa. Ya fita da safe ya dawo da furanni na takarda a wuya, muryarsa a dishe, ya ɗauki Mahtab tana jaririya ya busa mata ɗan karan bakin algaita shi kaɗai, ƙiiii, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Yanzu rabin samarin gari lasifika suke ɗaukowa. Amma fitar amarya har gobe ba wanda ya yarda lasifika ta yi masa.

Lahadi, da la'asar

Haɓon bai zo ba. Baban Dildar ya wuni yana kallon ƙusar da algaita take rataye.

Talata, bayan azahar

Rubina ta cire soson. Ba jini. Ta auna, ta ce ya sauka kaɗan amma da saura. Ya miƙe yana shaƙar iska ta hanci biyu kamar doki, ya ce ya warke. Ta ce, "Kawu, wurin ɗanye ne, ɓawo kawai ya yi. In ka matsa masa zai ɓalle, kuma ba hancin kaɗai nake ji maka ba." Ya ce ya ji.

Mata sun cika gida da yamma ana tankaɗe. Kowace ta shigo sai ta yi sannu da jiki, sannan ta ce, "Ai dai Ustad zai busa ko?" Uwar ango ma ta aiko da ƙanwarta, wai a gaishe shi, wai su ba sa son a takura masa, amma dai ɗansu na fari ne kuma an san al'ada. Na ce mata mun gode da rashin takurawar. Ta gane, don ba ta ƙarasa shayinta ba.

Laraba, da hantsi

Na ɗaga murfin ƙaramin kwano a bayan buhun gari na ga karan bakin algaita a jiƙe cikin ruwa. Ba a jiƙa su sai za a busa.

Na kai masa kwanon na ajiye a gabansa. Bai ko yi kunya ba. Ya ce, "Zauna, tsohuwa." Na ce ba zan zauna ba. Ya ce, "Na fitar da 'yar kowa a kwarin nan. 'Yar mai hali, 'yar talaka, har 'yar mutumin da ya hana ni zama a kan shimfiɗarsa don ni mai busa ne. Tawa ce za ta fita shiru kamar an saci akuya?"

Na ce, "In ka faɗi fa?"

Ya ce, "Daga nan zuwa gada ne kawai."

Na ce, "Shukur ma ba nisa ya je ba."

Da na faɗa na yi da-na-sani. Ya juya ya fuskanci bango, ni na fita na kama wankin da na riga na wanke.

Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai gani. Na san wurare da yawa a gidan nan da zan ɓoye algaitar ya shekara bai gano ba. Ban ɓoye ba. Tsoro nake ji, amma ni ma ina so in ji taken nan a ƙofata. Tun Mahtab tana goye nake jin sa a kunnena. Ina son mijina ya rayu, ina son 'yata ta fita kamar kowace 'ya, kuma na kasa zaɓa. Allah ka gani.

Juma'a, da la'asar

Dildar ya iso daga Karachi da ƙatuwar lasifika a kafaɗa. Ashe Rubina ta kira shi. Ya ce yana da busar babansa a waya, wadda ya ɗauka a wani biki, daga ƙofa har gada ba yankewa, sai a kunna a bi amarya da ita. Ya kunna mana. Tsakani da Allah busarsa ce, har da tarin Hunar Beg a ciki.

Uban ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Da raina za ka sa ni a akwati ka rataya a kafaɗa?"

Dildar ya ce, "Baba, gara wannan akwatin da na gawa."

Na ce ya rufe mini baki, ba a yi wa uba irin wannan magana. Suka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Mahtab tana gefe tana ɗinka bakin mayafinta. Ba ta ce ya busa ba, ba ta ce kada ya busa ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama in ta yi shiru irin wannan ba na gane kanta.

Asabar, da almuru

An sa lalle. Ya sha ƙwayarsa da kansa ba tare da na tuna masa ba, ya goge algaita da man kubani. Haɓon bai zo ba yau.

Litinin, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba.

An fito da ita bayan rana ta hau kan dutse. Ya sa doguwar rigarsa ta ulu, ya soka gashin tsuntsu a hula, ya tsaya a gaba, Hunar Beg a gefensa. Ban hana shi ba. Dildar ya dube ni, na kau da kai. Da ya sa algaita a baki ya ɗauko taken, mata suka fashe da kuka gaba ɗaya, har waɗanda suka zo don su ga ƙwal. Wallahi bai taɓa busawa kamar jiya ba. Mahtab ta tsallake dokin ƙofa, fuskarta a rufe, wanta Dildar yana riƙe da hannunta, ango Nadir da mutanensa a baya. Uwa ba ta bin amarya, saboda haka na tsaya a ƙofa, daga nan kuwa ana ganin hanya har gada.

Sun kai wajen injin niƙa, rabin hanya ke nan, sai na ga algaita ta fara ɗagawa. A hankali, har ta kalli sama. Samari suka fara tafi. Ni kuwa na san jini yake haɗiyewa.

Amarya ba ta ɗaga kai a hanya, ba ta buɗe fuska, ba ta sakin hannun wanta. Mahtab ta yi duka ukun. Ta yaye mayafi, ta ratsa ta gaban mutane, ta kama algaitar ta zare ta daga bakin ubanta. Busa ta yanke. Ganga ta buga sau biyu ita kaɗai ta tsaya. A nan na ruga ba ko takalmi.

Na tarar ta zaunar da shi a kan katangar dutse, ta sunkuyar da kansa, ta matse hancin da hannunta mai lalle. Ya tofar da gudaje a kan ƙanƙara, da yawa, fiye da yadda na zata. Jini ya bi hannun rigar amarcinta har gwiwar hannu. Ƙanwar uwar ango ta ɗora hannu a ka tana cewa, "An yanke! Innalillahi, an yanke!" Hunar Beg ya juya ya ce, "Duk wanda ya sake cewa tak, a kansa zan fasa gangar nan, in huta da ita da shi."

Mahtab ta ce wa ke da agogo? Nadir ya matso ya tsuguna a gefenta cikin kayan angonci, ya kwance agogonsa ya riƙe mata a gaban ido. Ban san yaron nan sosai ba kafin jiya.

Uban ya ce mata, da hanci a matse, "Kin yanke mini take."

Ta ce, "Na yanke, Baba. Tofar."

Minti goma suka cika, ta saki, yana nan yana zuba. Ta sake matsewa. Duk garin yana tsaye cikin sanyi, Rubina ta kutso ta riƙe masa wuyan hannu tana ƙirga bugun jini. A karo na biyu ya tsaya. Mahtab ta goge hannunta da ƙanƙara, ta sumbaci hannun ubanta, ta miƙa mini algaitar ba ta kalle ni ba, don in ta kalle ni ba za ta iya tafiya ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska ta ba wanta hannu. Haka suka ƙarasa gada, ba busa ba ganga, sai ƙarar takalma a kan ƙanƙara. Wasu za su yi ta magana har jikokinta su girma. Su yi.

Litinin, bayan la'asar

Rubina ta sake sa masa soso. Gobe da safe mota za ta zo ta kai mu Gilgit, mu ji abin da jinin ya nuna. Na ɗaure kayanmu, na sa masa safa biyu.

Abin da ban rubuta da safe ba shi ne bayan mun dawo da shi gida jiya. Ni da Rubina muka riƙo shi, muka jingina shi da matasai kusa da murhu, ita ta tafi ɗauko kayan aikinta. Gidan ba kowa. Kwanuka a baje, shimfiɗu a yamutse, takalmin wani yaro wari ɗaya a tsakar ɗaki, ɗan madubin Mahtab a kan taga inda ta manta shi. Ya daɗe yana kallon ɗakin, yana juya kai kamar mai neman wani abu.

Ya ce, "Ina mutanen?"

Na ce, "Sun bi amarya mana."

Ya ce, "Duka?"

Na ce duka, sai dai in ya ga wani a ƙarƙashin tabarma.

Ba abin da ake ji sai tafasar ruwan da ke kan murhu. Can ya ce, "Kullum haka ake barin gidan?"

Na ce, "Kullum. Kowane gida."

Ya ce, "Ni ina can gaba ina busa. Ban taɓa zama a baya ba." Ya fara lissafo sunayen iyayen da ya fitar wa 'ya'ya, maza da mata, rabinsu sun mutu. Na ce ya daina kada ya tayar da jinin. Ya ce to. Sannan ya ce in bar kwanukan nan sai anjima, in matso kusa da shi.

Na bar su na matso.